Giris ya yi wa giyar keken ɗinkina kauri, da mi zan sassauta shi?

Telan Mabera:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da keken aiki 20U da na saya na hannu shekara 4 da sunka wuce, da shi nike aikin wuyan kaftani. Tun da hunturun ga ya shigo, in na buɗe shago da safe sai in ji keken ya yi nauyi, sai na juya shi da hannu na ɗan lokaci kafin ya saki jiki. Jiya na kwantar da shi na buɗe ƙasa, na tarar da giris ɗin da ke kan haƙoran giya ya daskare ya yi baƙi ƙirin, ya haɗiye ƙura da burbushin zare, kamar daddawa. Na sayo gwangwanin giris a Babbar Kasuwa, irin na boris ɗin mota, amma kaurinsa kamar man kaɗe. Maƙwabcina mai gyaran babur ya ce in dama shi da kananzir, yarona ya ce baƙin mai. Keken ga shi ne abincina, shi ya sa na tsaya in tambayi masana.

Baba Mai Gyaran Keke:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kananzir na wanki ne. Sa shi a tsohon buroshin haƙori ka wanke daddawar nan tas, haƙori bayan haƙori, ka share da tsumma marar gashi, ka bari ya bushe. In ka dama giris da shi, yana raba man da abin da ke riƙe da shi, kuma a hankali yana tashi ya bar ma busasshen abu. Baƙin mai da anka juye daga inji kuwa garin ƙarfe ne cike da shi, zai ci ma haƙoran giya.

Abin da nike yi: cokalin shayi 3 na giris a murfin gwangwani mai tsabta, in riƙa ɗiga farin man keke, wanda kake sa ma allura da sauran gaɓoɓi, ina murzawa da bayan cokali. Bai kai cokali 1 ba nike tsayawa. Ka ɗebo da tsinke ka ɗaga: in ya miƙe kamar man shanu mai taushi bai ɗiga ba, ya yi. In ya zuba kamar zuma, ka wuce wuri, ƙara giris. Kuma ka tuna da watan Afrilu. Zafin Sakkwato na wuce digiri 40, abin da ya yi maka daidai cikin sanyi zai narke ya biyo sandar allura ya sauka bisa shaddar mutane.

Ɗan Poli:
Baba ya gama magana, ƙari kawai zan yi. Giris mai ne aka haɗa da wani irin sabulu, galibi na lithium ko calcium, don ya riƙe shi kamar soso. Oga duba jikin gwangwanin, za ka ga lambar NLGI, wato ma'aunin kaurin giris. Ma'aunin daga 000 yake zuwa 6, na boris ɗin mota yawanci 2 ne, 1 da 0 sun fi laushi. In ka samu 1, ba sai ka dama komai ba. Kada ka haɗa giris iri biyu, kuma na silikon ba ya haɗuwa da man keke. In giyar roba ce, a yi hattara, wasu robobin ba su jure man da aka tace daga ɗanyen mai.

Maman Khadija, Arkilla:
Malam, don Allah ko da wasa kada ka sa man gyaɗa. Ni na sa wa nawa da man keke ya ƙare mini ana saura kwana 5 Sallah. Sati ɗaya yana gudu lafiya, bayan wata biyu ya zama danƙo, sai da aka kwance shi gaba ɗaya.

Telan Mabera:
Allah shi saka da alheri. Baba, na bi yadda ka ce. Giyar ƙarfe ce, gwangwanin kuma lithium lamba 2 anka rubuta. Na shafa kaɗan a haƙoran na juya da hannu har ya zagaye, na share na gefe. Yau da safe da taɓawa ɗaya ya tashi. Na ɗinka masa riga da ragowar yadi saboda ƙura. Saura tambaya guda: fankar shago ta daina waiwaye, sai ƙas-ƙas take yi a bayan kai, giyarta kuma farar roba ce. Ragowar haɗin ga zai yi mata, ko in nemo na silikon?