Don Allah a ba ni shawara, za a raba ni da sunan turarena

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wallahi kwana uku ban runtsa ba. Tun 2019 nake haɗa turaren wuta da humra a gida. Wajen kakata na koya, 'yar Maiduguri ce, Allah ya jiƙanta, sunanta ma na sa wa turaren. Da kuɗin adashi na fara, lokacin ina da ciki, ƙamshin sandal ya hana ni cin abinci amma ban fasa ba. Akwai 'yar ƙanwar maigidana da na riƙe, shekara 2 tana taya ni cika kwalabe, har kayan ɗakinta ni na yi rabi. Bayan aurenta ta buɗe nata da sunan nan, harafi ɗaya ta canza, sitikar ma kala ɗaya. Na yi shiru saboda zumunci. Shekaranjiya sai ga takardar lauya, wai in daina amfani da sunan, ta yi masa rajista. Ni fa ina da takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Yaya zan yi?

Anti Mai Atamfa: Innalillahi! Tsintacciyar mage ba ta mage. Ni ma haka mai buga min leda ya riƙa sayar wa wasu da tambarina a jiki, har yau ban ga kuɗina ba. Ki bar ta da Allah.

Baban Yara: Hajiya, ki natsu ki saurare ni. Takardar CAC rajistar sunan kasuwanci ce kawai, ba ta mallaka miki sunan da ke jikin kwalba ba. Rajistar tambari daban take, a Abuja ake yi, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari. Kaya aji-aji ne har 45, turare yana aji na 3. Rajistar farko shekara 7 take yi, daga nan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. Shekara nawa ina faɗa a nan, ba mai ji sai an shiga uku.

Maman Hanifa: Alhaji, wanda ya yi min CAC ɗin cewa ya yi shi ke nan, ba wanda zai taɓa sunan. Kuɗi na biya fa, ba sakaci na yi ba.

Baban Yara: Bai gaya miki daidai ba. Me ke cikin takardar lauyan? Satifiket suka nuna ko takardar karɓar buƙata? Idan ba a kammala ba, sai an buga tambarin a mujallar ofishin, kina da wata 2 daga ranar ki kai ƙorafi. Ko an kammala ma, doka ba ta yarda a hana wanda ya riga amfani da suna ba, in yana da hujja kuma bai taɓa dainawa ba. Ki tattara tsofaffin rasit, sitika da hotunan Instagram masu kwanan wata, ki nemi lauya gobe. Shari'ar tambari a Babbar Kotun Tarayya ake yi.

Uwar Biyu: Haba Alhaji, kotu da 'yar dangin miji? Aurenta za ta kashe? Yaya, ki sa manya su zauna. Ko ki canza suna, hannunki mutane ke saye.

Baban Yara: Manya ba sa soke rajista. Ta canza suna, ta bar wa yarinya kwastomomin shekaru a ɓagas?

Anti Mai Atamfa: Lauyoyin ma ai ci ne. Nawa sai da ya karɓi kuɗin mota sau 3.

Maman Hanifa: Canza suna kam ba zan iya ba, sunan kakata ne. Rasit kuma ban taɓa bayarwa ba, duk a WhatsApp nake ciniki, wayar ma ta faɗa ruwa bara. Kuma ni ban ga laifina don na yi kara ba.

Baban Yara: Ba ki ba ni amsa ba. Satifiket ne ko me?

Uwar Biyu: Shi maigidan naki me ya ce?

Maman Hanifa: Bai sani ba tukuna. Takardar na cikin jaka, bari yara su yi barci in duba.