Yaya hunturun bana ya same ku a Kebbi?

Abu Maryam, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina son kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa game da sanyin bana. A nan Birnin Kebbi sai da Disamba ya yi nisa kafin aka fara ganin rigunan sanyi a jikin mutane, kuma hantsi na ɗagawa an tuɓe su. Masu gwanjo na ta kukan rashin ciniki. Muna yara, tun ƙarshen Nuwamba alwalar asuba ke gagarar mutum sai an ɗumama ruwa. Ni kaɗai ke ganin canjin nan?

Baba na Fadama, Argungu: Wa alaikumus salam ɗana. Ba kai kaɗai ba ne. Mu da munka tashi cikin noman alkama mun fi kowa sanin haka, don alkama ɗiyar ɗari ce. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba ake shuka ta, don ta yi 'ya'ya cikin sanyi, ta cika ƙwaya kafin zafi ya sauko. To yanzu sanyin ya makara da zuwa, kuma Fabrairu bai ƙarewa sai ka ji rana ta fara cizo. Zangarniya ta fito da kyau a ido, in ka murza sai ka tarar ƙwayar ta motse, buhu ba nauyi. Lokacin da anka ƙaddamar da shirin bashin manoma a Birnin Kebbi a 2015, mutanenmu da yawa sun shiga alkama da ƙarfinsu. Yau ka zagaya fadama ka ƙirga waɗanda sunka rage. Tsadar taki da man injin ban ruwa na ciki, amma gajartar sanyi ma na ciki.

Ɗan Suru: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Mu masu shinkafar rani namu lissafin daban ne. In ɗari ya yi tsanani iri ba ya tashi a bedi, sai ya yi rawaya ya tsaya cak. Bana kuwa ya tashi da wuri. Sai dai ruwan rijiyoyin burtsatse na saurin ja da baya tun kafin Maris, wannan ya fi damuna.

Malamin Jogirafi, Jega: Bari in ɗan sa baki. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta ratso Sahara, kuma yawancin ƙurar da muke shaƙa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa. Busasshiyar iska ce, babu laima babu gajimare, shi ya sa zafin da ƙasa ta sha da rana ke tserewa sama da dare. Don haka a Disamba da Janairu za ka ga asuba ta sauko wajen digiri 15, azahar kuma ta haura 30. Ranar da hazo ya yi kauri yakan tare rana, sai a wuni da sanyi. Fadama kuma ta fi cikin gari sanyi, domin iska mai sanyi gangarawa take yi ta kwanta a kwari, gari kuwa siminti da kwalta da rufin kwano na riƙe zafi. Saboda haka Abu Maryam, wani ɓangare na abin da kake ji girman da Birnin Kebbi ta yi ne tun da ta zama babban birnin jiha a 1991. Shekara ɗaya ba ta isa hujja ba, kowa na tuna irin ɗarin da aka sha a farkon Janairun 2020. Amma ɗumamar duniya gaskiya ce, kuma wanda ya yi azumin 2024 a nan bai buƙatar a ba shi labari.

Maman Khalifa, Gwandu: Malam, mun gode da bayani. Ni dai ko sanyin ya ragu, ƙurar ba ta ragu ba. Yarana biyu haɓo suke yi duk hunturu, ƙaramar kuma tari ke hana ta barci. Man kaɗanya nake shafa musu a hanci da ƙafa saboda faso. Abin da ya fi tsorata ni shi ne ƙarshen hunturu, in ƙura ta haɗu da zafi. A farkon 2025 sanƙarau ya shigo mana Gwandu da Jega da Aliero, mun ga gidajen da aka yi rashi. Don Allah iyaye, zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya ba na jira ba ne, a tafi asibiti a ranar. A kuma daina kwana da kaskon gawayi a ɗaki a rufe.

Basarke, Yauri: Mu a bakin Neja sanyin asuba na nan daram, duk wanda ya shiga kwalekwale kafin fitowar rana ya sani. Hazo ne matsalarmu, wata safiyar ba ka hango ɗaya gaɓar. Na ƙi ɗaukar fasinja a irin ranakun nan, ana ta jin haushina.

Direba, hanyar Kamba: Haka nake fama. Da rana tsaka sai na kunna fitila. In na ji a rediyo hukumar hasashen yanayi ta NiMet ta yi gargaɗin ƙura, ba na sammako.

Baba na Fadama, Argungu: Malam na Jega, tambaya gare ka. In zafi zai riƙa shigowa tun Fabrairu, mu matso da shuka farkon Nuwamba ke nan? Matsalar ita ce lokacin ba mu gama kwashe shinkafar damina ba, wani wurin ma ruwa bai janye daga fadama ba. Ko akwai wanda ya gwada irin alkama mai jure zafi a wajen Augie ko Bunza, ya gaya muna yadda ta yi mai?