Wai da gaske alƙalan zamanin En'e (hukumar gargajiya ta sarakuna) suna cire ushira a gado?

Ɗan_Birni:
Salam jama'a. Jiya kakata take ba ni labarin rabon gadon babanta, wai shanu goma ya bari, kafin a raba sai da aka ware ɗaya ta kotu, ɗan aiken alƙali da ya zo ƙirga ma sai da aka yanka masa zakara aka ɗora masa damin gero. Ni fa na ɗauka ruɗin tsufa ne. Doka ce ko ƙarfa-ƙarfa?

Baba_Na_Zaure:
Ba tsufa ba ne ɗana, ushira kenan, ɗaya bisa goma a gado da kuma bashin da kotu ta karɓo maka. Da can alƙali ba shi da albashi, da ita yake ci da shi da muhutansa (mataimakansa a kotu), sai da Turawa suka kafa baitulmali wajen 1910 aka yanka musu albashi, kuɗin ya koma asusun En'e, a ba ka rasit. Zakara da dami kam ba su cikin kowane littafi, cuwa-cuwa ce zalla.

UmmuHanan:
Ai abin ya girmi Turawa. Shehu Ɗanfodiyo a Kitabul Farƙ ya lissafa gaisuwa (wato toshiyar da ake kai wa masu mulki) da kwashe dukiyar mamaci cikin laifukan sarakunan Haɓe tun lokacin jihadin 1804.

Talaka_Bawan_Allah:
Baba ka yi musu sauƙi wlh. A lokacin sarki ne ke naɗa alƙali shi ke tuɓe shi, lauya ba ya shiga kotun, to talaka ya kai kuka ina?? ku tambayi 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU bayan 1950, lacca kawai za ka yi ba izini ko a ce ka zagi sarki, 'yan doka su yi awon gaba da kai, kafin azahar an yanke maka wata uku ko bulala, Gambo Sawaba ma tana mace ba ta tsira ba. Sai zamanin Gowon, 1967 zuwa 1968, aka ƙwace kotunan daga hannun En'e.

Baba_Na_Zaure:
Haka ne, amma kar a yi musu kuɗin goro, akwai waɗanda ko ruwan gidanka ba sa sha in kana da shari'a gabansu.

Ɗan_Birni:
Na gode Baba. Yanzu na tambaye ta ko an ba su rasit, dariya ta yi har da tari, ta ce wane rasit, saniyar ma mai ciki suka zaɓa.