Karkatar hali a D&D: ɗaure jarumi take yi ko bayyana shi?

Na Bagalam:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Tambayata ga masu jan wasan Dungeons & Dragons a fada nan Maraɗi, wasan nan da kowa ke riƙe jarumi ɗaya, mai jan wasa kuma yana ba da labarin. A takardar jarumi akwai gurbin karkatar hali: na kirki ne ko mugu, mai bin ƙa'ida ne ko ɗan ganin dama. To, mutum ya rubuta "mai ƙa'ida, na kirki", sai ya ce jaruminsa zai yanka ɓarawon da ya riga ya miƙa wuya. Mai jan wasa zai hana shi ne? Kuma gurbin nan yana taɓa lissafin ƙwayar jifa, wato ƙwaya mai lambobi da ake jefawa a ga ko jarumi ya yi nasara?

Ɗan Zariya:
Wa alaikumus salam ƙanena. Fara duba bugun littafin wasan da ke hannunka, don amsar a can take. Da Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da wasan a 1974, karkata uku ce kawai: ƙa'ida, tsaka-tsaki, hargitsi, wato ganin dama. Daga baya aka ƙara layin kirki da mugunta, uku sau uku, gida tara. Bugu na huɗu a 2008 ya rage su zuwa biyar, na biyar a 2014 ya dawo da tara.

A bugu na 3.5 abin yana da haƙora. Faladin, wato barden rantsuwa, dole ya zama mai ƙa'ida na kirki, kuma in ya aikata mugunta da gangan duk baiwarsa ta tafi sai ya yi kaffara. A can, yankan nan naka zai iya janyo masa asara. A bugu na biyar an cire haƙoran kusan duka. Rantsuwar da faladin ya ɗauka ake dubawa, ba gurbin ba. Hatta sihirin gano mugunta ba zuciyar mutum yake leƙawa ba, irin halitta yake nunawa, shaiɗanu da matattu masu yawo da makamantansu, cikin ƙafa 30. Ƙwayar jifa kuwa babu ruwanta.

Ƴar Mokoyo:
Malam Na Bagalam, kada ka hana shi. Ranar da ka ce "jaruminka ba zai yi haka ba", ka ƙwace masa wasan ke nan. Ka tsaya ka tambaye shi sau ɗaya: mutumin nan ya ajiye wuƙa, ka tabbata? In ya ce e, a yanka. Sai duniyar wasan ta ba shi amsa. Fataken da suka gani su kai labari gaba, mai masauki ya ce ba ɗaki, dangin ɓarawon su biyo sawu.

Aiki ɗaya ba ya sauya karkata. Ka riƙa rubutawa a gefen littafinka, in manya irin wannan sun kai uku, ka ja shi gefe bayan an tashi, ba gaban mutane ba, ku gyara gurbin tare.

Inda tebur ya fi lalacewa ma ba nan ba ne. Wurin mai "ganin dama, tsaka-tsaki" ne, wanda zai sace jakar abokin tafiya ya ce ai halin jarumina ne. Ya ɗauki gurbin kamar takardar izini. Maganinsa tun zaman farko, kafin a jefa ƙwaya, ana shan shayi a yarda: ba sata ba duka tsakanin ƴan tafiya, kuma kowa ya faɗi dalilin da ya sa jaruminsa ke bin sauran.

Mai Shayin Sabon Gari:
Yaya Ɗan Zariya ya yi bayani, amma ni gida taran nan ban ga amfaninsu ga ƴan wasa ba. Kalmar "ƙa'ida" kaɗai ta isa ta cinye dare: dokar sarki ce ko alkawarin da mutum ya ɗaukar wa kansa? In sarkin azzalumi ne fa? Wani wasan irinsa, Pathfinder, ya jefar da tsarin a gyaran 2023, ya koma ga abin da jarumi ya wajabta wa kansa da abin da ya haramta. Wasan Vampire: The Masquerade kuwa tun 1991 ma'aunin mutuntaka yake amfani da shi, daga 10 zuwa 0, yana sauka in ka yi ta'asa.

Ku ara haka. Kowa ya rubuta layi biyu, "ba na kashe wanda ya miƙa wuya", "ba na barin bashi". Wanda ya riƙe nasa alhali zai cutu, a ba shi damar jefa ƙwaya mai fuska 20 guda biyu ya ɗauki babbar. Gida tara a bar wa mai jan wasa, don ya san a gurguje ko dogarin ƙofa zai karɓi cin hanci.