Rim 17 ko 18, da sifirin na sauke mota: wanda ya gwada ya ba mu labari

Mai Farar 86

Assalamu alaikum. Toyota GT86 nake hawa, ƙirar 2014, kuma har yanzu tana kan ƙafafun da ta fito da su daga kamfani: rim inci 17, faɗi inci 7, ofset 48 (wato tazarar milimita tsakanin tsakiyar faɗin rim da fuskarsa da ke manne wa mota), taya 215/45R17. Abu biyu ke damuna. Tayoyin sun shige ciki sosai, sannan akwai sarari tsakanin taya da madigadi wanda hannu ke shiga ba wahala. Niyyata in sayi rim 18, in sa sifirin da zai sauke ta. Motar hawan kullum ce, ba ta filin tsere ba. Don Allah wanda ya taɓa yi, a kan wannan mota ko wata irinta, ya faɗa mana yadda take bayan an daɗe ana hawa.

Ɗan BRZ

Wa alaikumus salam. Tawa Subaru BRZ ce, ka san mota ɗaya ce da taka, tambari ne kawai ya bambanta. Na koma 18 mai faɗin inci 7.5 da taya 215/40R18. Kafin ka biya kuɗi, ka yi lissafin tsayin ƙafar gaba ɗaya, wato rim da taya a haɗe. Lambar farko a jikin taya, 215, faɗinta ne a milimita; ta tsakiya, 45 ɗin nan, tana nufin kaurin gefen taya kashi 45 cikin 100 ne na faɗinta. Taka ta yanzu gefenta kusan milimita 97, tsayin ƙafar duka 625. Tawa gefenta 86, tsayinta 629. Bambancin bai kai kashi 1 cikin 100 ba, shi ya sa mitar gudu da ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, ba su canza hali ba. In ka ɗauki 225/40R18 tsayin zai kai 637, inda mitar ke nuna 100 kana kusan 102 idan aka gwada da da.

A hannu kuwa, sitiyari ya ƙara kaifi, da na karkata take amsawa. Amma milimita 11 ɗin da suka ragu a gefen taya ina jin su a bayana duk sanda na taka rami ko mahaɗar gada. Ni na yarda da cinikin. Matata ba ta yarda ba.

Sarkin Kwana

Ɗan'uwa, ni shawarata ka zauna a 17 ka ƙara faɗi. Na hau 18 na wani aboki, na hau nawa, kuma ban ga abin da inci ɗayan nan ya ƙara ba sai nauyi. Rim da taya da birki ba sa kan sifirin, su ne ke hawa da sauka da hanya, don haka duk kilo ɗaya da ka ƙara a wurin shoka ce za ta yi fama da shi. Kuma nauyi ne mai juyawa, injin da bai wuce ƙarfin doki 200 ba yana jin sa wajen tashi.

Nawa 17 ne mai faɗin inci 9, ofset 35, taya 245/40R17. Tsayinta 628, kusan daidai da na asali. Ga yadda ake lissafin ofset, don nan mutane ke ruɗewa. Rim ɗin ya fi na kamfani faɗi da inci 2, wato kusan milimita 51, rabi ya tafi ciki rabi waje. Ofset ya sauka daga 48 zuwa 35, wannan ya tura ƙafar waje da milimita 13. Ka ga leɓen waje ya fito da kusan 38, na ciki ya matso kusa da shoka da kusan 12. Sai da na karkatar da kan tayoyin gaba ciki kaɗan kafin su daina gogar madigadi.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne halin motar ya canza. Da gangan kamfani ya sa mata tayoyin Michelin Primacy marasa riƙo sosai, don bayanta ya riƙa zamewa a hankali, direba na ji yana gyarawa. Da 245 mai riƙo ta manne da kwalta, kwana ta zama abin dogaro, amma wasan nan ya ragu, kuma sitiyari na bin duk wani kwari da manyan motoci suka bari a titi. Ga mai hawan kullum, inci 8 da ofset 45 ya isa: leɓen zai fito da kusan milimita 16, ya cika madigadi ba tare da guga ba.

Bakanike

Oga, bari in faɗi abin da ke dawo da motoci wurinmu. Ramukan noti na motarka 5x100 ne, wato ramuka biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 100. Yawancin kyawawan rim da za ka gani 5x114.3 ne, na su Nissan 350Z da Honda S2000, ba za su shiga ba. Ramin tsakiya kuma naka milimita 56.1 ne. Rim na kasuwa kan zo da rami mai faɗi don ya hau motoci da yawa, sai an sa zobe ya cike giɓin. In babu zoben, sau da yawa sitiyari na rawa a babban titi, mai mota ya yi ta kai balansin ba ta daina ba.

Awon zaren noti M12x1.25 ne, kuma dole mazauninsa ya dace da na sabon rim ɗin. A ɗaure da sifana mai awon ƙarfin ɗauri a 120 Nm, a sake dubawa bayan kilomita 50 zuwa 100. Ka nemi tambarin JWL ko VIA a jikin rim, alamar an gwada ƙarfinsa ne bisa ƙa'idar Japan. Na sha ganin rim na kwaikwayo ya tsage a ramin da nagari zai lanƙwashe kawai.

Hajiya Mai Miata

Ni kan sifirin zan yi magana. Mazda MX-5 ce tawa, kuma irinta tana kwanciya sosai a kwana tun daga kamfani, shi ya sa na sauke ta da kusan milimita 25. Kyau kam ta yi, kwanciyar ma ta ragu. Sai dai shokata ta riga ta ci kilomita, sabon sifirin kuma ya fi tsohon tauri. Shokar ta kasa riƙe shi. Da an taka tudu sai motar ta yi ta tsalle kafin ta natsu, a rami kuma in ji ta buga robar da ke ƙarshen shoka, dum, har cikin haƙora.

Dalilin a fili yake: milimita 25 ɗin da aka sauke daga tafiyar shoka aka cire su. Da na sa shoka da aka ƙera don gajeren sifirin, irin Bilstein B8, sai mota ta natsu, ta fi ma yadda take da farko. Ƙanina, in kuɗinka bai kai na sifirin da shoka tare ba, ka jira ya kai. Aikin kwancewa ɗaya ne, kada ka biya shi sau biyu.

Mai Z

Hajiya ta faɗi gaskiya. Ni 350Z na saya an riga an sauke ta fiye da milimita 40. Bamba na gugar kowace gangara, sai na shiga a karkace. Wannan da sauƙi. Abin da ya ba ni tsoro shi ne ranar da aka ɗaga ta a jak, na ga gefen ciki na tayoyin baya ya cinye har waya ta fito, alhali daga waje kamar sababbi. In mota ta sauka, kan taya na karkata ciki, saitin hancin taya, wato inda gabanta ke fuskanta, shi ma na gocewa, kuma wannan na biyun ya fi cin roba. Tawa tayoyin baya sun fi na gaba faɗi, ba damar juya su. Na maida ta sama kaɗan, aka yi alaimen, cin tayar ya daidaita, kuma a kwana ta fi daɗin tuƙi fiye da sanda take ƙasa-ƙasa.

Ɗan BRZ

To me zai hana ya sayi koyiloba kawai, wato shoka da sifirin a haɗe masu wurin saita tsayi, ya riƙa saita tsayin yadda yake so?

Sarkin Kwana

In mai kyau ne irin KW ko Öhlins, ba ni da ja. Amma mai arha ya fi sifirin da shoka nagari wahalar hawa, kuma yawancinmu sau ɗaya muke saitawa mu manta. Ga motar zuwa aiki ban ga buƙatarsa ba.

Mai Farar 86

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Zuciyata ta karkata ga 17 mai faɗin inci 8, ofset 45, da sauke ta milimita 25 tare da sabuwar shoka. Oga Bakanike, wanne zan fara, kuma yaushe ake alaimen?

Bakanike

Fara da sifirin da shoka, don sai motar ta zauna a sabon tsayinta za ka san ainihin sararin da ya rage wa rim. Ka ce wa mai aikin kada ya ɗaure kusoshin bushin tana rataye a jak, sai nauyinta na kan ƙafafunta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Hau ta kwana kaɗan sifirin ya zauna, sannan a sa rim a yi alaimen na ƙafa huɗu gaba ɗaya. A wannan mota kamfani bai ba da wurin saita karkatar taya ba, hancinta kawai ake iya gyarawa. Gaba ana sa kusa ta musamman a jikin shoka, baya kuma sai an canza hannun ƙasa da mai saiti. A milimita 25 da wuya ka buƙaci na bayan, amma ka karɓi takardar awon daga wurin alaimen ka kawo mu duba lambobin. Ka duba hasken fitilun gaba ma, sukan buƙaci saiti bayan an sauke mota.