Ramin santimita 50 a tsawon katako: shin ogar ba ya karkacewa?

Ɗan koyo: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. An ba ni aikin ƙafar fitila, katako mai tsawon santimita 50, ana so in huda shi daga sama har ƙasa don waya ta bi ta ciki. Na sa bakin huda mai faɗi irin na shebur, na ƙara masa sanda, sai ga shi ya ɓullo ta haƙarƙarin katakon. Me zan sa?

Mai rufin ɗaki: Wa alaikumus salam. Ƙanena, nemi ogar, wato bakin huda mai sukuru a tsini, mai inci 18 ka huta. Sukurun da ke bakinsa shi ke jan sa, murɗaɗɗen jikinsa kuma yana kwaso garin katako waje. Ogar ba ya karkacewa, na faɗa na ƙara. Duk wanda raminsa ya kauce da ogar, ya binciki hannunsa.

Tsohon kafinta: Malam, a hankali. Kai ginshiƙan rufi kake hudawa a gicciye, sukurun yana samun jijiyar katako ya kama. Yaron nan a tsawon jijiya zai bi. A nan sukurun yakan yage jijiyar maimakon ya kama ta, ya cushe da gari, sai ka koma turawa da ƙarfi. Da ka fara turawa, bakin zai nemi wurin taushi tsakanin zobban itacen ya bi. Sannan inci 18 santimita 46 ne ma bai cika ba, ina sauran 4?

Mai rufin ɗaki: Baba, akwai mai inci 24 ai.

Tsohon kafinta: Akwai, ɗana. Tsawon ne kuma ke ƙara masa lanƙwasa, musamman siriri na milimita 10 da waya ke buƙata.

Malamar koyon sana'a: Ku bar ni in sa lissafi a maganar. Idan aka fara ramin da kuskuren digiri 1 tak, kafin a kai santimita 50 an kauce da kusan milimita 9. Ido ba ya ganin digiri 1. Don haka ni ban ɗora laifin a kan bakin kaɗai ba, har da farawa. A sami guntun katako mai kauri, a huda shi a miƙe da injin huda na tebur, a matse shi a kan aikin ya zama jagora. A fara da gajeren baki mai kauri ɗaya da dogon, ya shiga santimita 7 ko 8, sannan a sa dogon a ramin da aka riga aka miƙar.

Mai rufin ɗaki: To Malama ai maganata kika maimaita. Hannu ne.

Malamar koyon sana'a: Rabinta na maimaita, Malam. Ɗaya rabin na Baba ne, kuma shi ya fi nauyi.

Mai injin juya katako: Mu da ƙafar fitila ce abincinmu ba ma juya baki, katakon muke juyawa. Ana ɗaura shi a inji, ana tura doguwar sanda mai kwarmi kamar cokali ta cikin ramin tsinin da ke riƙe da ƙarshensa. Ba ta da sukuru ko kaɗan. Tunda katakon ne ke juyawa, bakin yakan riƙe tsakiya da kansa. Gudun injin ƙasa-ƙasa, a shiga santimita 2 ko 3 a zaro, a kakkaɓe, a goga kyandir, a koma. Da gajiya kam, zarowa ta fi ashirin. Wanda ya yi ƙyuya, gari ya toshe, zafi ya taru, ƙarfen ya maƙale, wani lokaci katakon ya tsage.

Ɗan koyo: Yaya, ba ni da injin juyi. Wani ya ce in sa bakin huda na Forstner da sanda.

Tsohon kafinta: Kada ka soma. Forstner na rami mai tsabta ne marar zurfi, irin na hinjin kabad. Ba shi da hanyar fitar da gari, a bayan kansa yake taruwa. Ka zurfafa, ka zo zarowa sandar ta fito ta bar maka kan a ciki. Na taɓa fasa aikin kwana biyu da gizago don in ceto nawa.

Malamar koyon sana'a: Tunda waya ce za ta bi, ka huda daga ɓangare biyu, santimita 25 kowanne. Kaucewar ta ragu rabi, ko sun haɗu da ɗan tudu waya za ta wuce. Kuma ka huda tun katakon yana da kauri, daga baya ka fere shi daidai da inda ramin ya faɗa.

Mai rufin ɗaki: Ni dai huda biyu faci nake ganinsa. Ranar da aka ce sandar ƙarfe za ta ratsa, tudun nan zai tona asiri.

Tsohon kafinta: Wannan kuwa ka yi gaskiya. In sanda ce, ni tsaga katakon nake yi biyu a tsaye, in yi kwarmi a kowane ɓari, in manne da gam. Rami ya miƙe sak, ko mita 2 ne.

Mai rufin ɗaki: Baba, wannan ai ba huda ba ce kuma!

Tsohon kafinta: Mai fitila ya tambaye ka yadda ramin ya shiga?

Ɗan koyo: Na gode ƙwarai. Zan yi jagorar Malama, in huda ta ɓangare biyu. Sai dai bakin da zan saya ogar ne, shi kaɗai na samu mai tsawon.

Mai rufin ɗaki: Kun gani ko?

Mai injin juya katako: Ƙanena, ka matse katakon da kyau kafin ka kunna, kuma ka gwada a guntun da ka ɓata jiya tukuna. In sukurun ya cushe, ka zaro ka share shi, kada ka danna.