Darasi ta intanet: mene ne aikin malami yanzu?

Abban Nana: Assalamu alaikum malamai. Idan ɗalibi zai kalli bidiyon darasi a wayarsa sau nawa ya ga dama, me ya rage wa malami? Shi kuma ɗalibin, me ya hau kansa?

Malama Hadiza: Wa alaikumus salam. Aikin ya koma kafin darasi da bayansa. Malami zai gutsuttsura bayani, kowane bidiyo kada ya wuce minti 10, ya tura kwana biyu kafin haɗuwa tare da tambayoyi uku. Ranar haɗuwa ba a maimaita karatu, amsoshin da aka kuskure ake warwarewa. Inda ake tafka kuskure shi ne a kunna kyamara a yi ta zuba na awa biyu kamar a aji. Zoom na kyauta ma, wato manhajar taro ta bidiyo, yana katsewa bayan minti 40, ga data ta ƙare, ga caji.

Malam Bala: Gaskiya ne, Malama. Nauyin ɗalibi kuwa ya ƙaru, domin babu mai tsaye a kansa. A jami'ar NOUN, wato buɗaɗɗiyar jami'ar Najeriya ta karatu daga nesa, aikin TMA (gwajin da ɗalibi ke yi ta intanet kafin jarrabawa) maki 30 ne, jarrabawa 70. Wanda ya bari sai daren rufewa, shafin jami'ar ya cushe, ya yi asarar makin nan a banza. Don haka ɗalibi ya ware awa guda kullum, ya sauke darussa lokacin da sabis ke da ƙarfi.

Malama Hadiza: Kuma a raba zauren WhatsApp biyu: na sanarwa, malami kaɗai ke rubutu, da na tambayoyi. In an haɗa, gaisuwar Juma'a za ta binne darasin.